Ciwon da mofin ba ya kai wa: aikin caflen a jinyar ƙarshen rayuwa

A manyan asibitocin Ingila da Amurka da Kanada akwai wani ma'aikaci da ba ya yin allura, ba ya rubuta magani, amma yana karɓar albashi tare da likitoci da nas-nas, yana zama taronsu na duba halin majinyata, yana kuma rubuta bayani a fayil ɗin mara lafiya. Caflen ake ce masa. Malamin addini ne da aka ƙara wa horo na musamman kan zama da marasa lafiya. Yana iya zama fasto ko fada, limami ko malamin Yahudawa, namiji ko mace. Inda aikinsa ya fi nauyi shi ne hospis, wato tsarin jinyar waɗanda likitoci suka tabbatar cutarsu ba mai warkewa ba ce, da kuma sassan jinyar rage raɗaɗi.

Abin da mutane da yawa suka ɗauka, har a can ƙasashen, shi ne caflen mutum ne da ake kira idan rai ya zo gargara, ya yi addu'a ya tafi. Shi ya sa wasu iyalan da zarar sun gan shi a bakin ƙofa sai gabansu ya faɗi. Addu'ar ƙarshe tana cikin aikinsa, amma ita ce mafi ƙanƙanta. Babban aikin yana farawa makonni ko watanni kafin ranar, kuma sai an san yadda aka kafa hospis ɗin kansa za a gane dalilin da ya sa aka ba malamin addini kujera a tsakiyar likitoci.

Cicely Saunders 'yar Ingila ce da ta fara da aikin nas, ciwon baya ya raba ta da shi, ta koma ma'aikaciyar walwalar majinyata, daga baya ta karanta likitanci ta gama a 1957. A 1948 ta yi ta zama da wani Bayahude ɗan Poland mai suna David Tasma, wanda ciwon daji ke ci a wani asibitin Landan yana ɗan shekara 40. Hirar da suka riƙa yi ce ta dasa mata tunanin gina gida na musamman domin masu jinyar ajali, shi kuma da zai rasu ya bar mata fam 500. Gidan, mai suna St Christopher's, bai buɗe ba sai 1967, a kudancin Landan. Kafin nan ta yi shekaru tana aiki a St Joseph's da ke Hackney, gidan jinya na sistocin Katolika, inda abu biyu suka tabbata a gare ta. Na farko, idan ana ba majinyaci maganin kashe zafi irin mofin a kan ƙa'idar lokaci, ba a jira sai ya fara ihu ba, zafin yakan lafa ba tare da hankalinsa ya gushe ba. Na biyu, akwai majinyatan da ko an ƙara musu magani ba sa samun sauƙi, domin abin da ke cin su ya haɗa da tsoro, da tunanin wa zai riƙe yara, da nadama, da tambayar me ya sa sai ni. Ta ce ciwon mai mutuwa ciwo ne na gaba ɗaya, wanda ya haɗa jiki da zuciya da zamantakewa da ruhi, kuma kowane ɗaya yana rura sauran.

Wannan fahimta ce ta zama ginshiƙin fannin. Ma'anar jinyar rage raɗaɗi da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2002 ta ambaci matsalolin ruhi ƙarara, kafaɗa da kafaɗa da na jiki. A Amurka, inda aka buɗe hospis na farko a jihar Connecticut a 1974, majalisa ta sa shi cikin inshorar lafiyar tsofaffi ta Medicare a 1982, dokokin shirin kuma suka wajabta cewa ayarin da ke kula da majinyaci ya ƙunshi likita, da nas, da ma'aikacin walwala, da mai ba da shawara ta addini ko makamancinsa. A Ingila hukumar lafiya ta ƙasa, NHS, tana ɗaukar caflen aiki tun kafuwarta a 1948.

Akwai bambanci tsakanin hospis da jinyar rage raɗaɗi, kuma ya shafi aikin caflen. A tsarin Amurka ba a shigar da mutum hospis sai likitoci sun sa hannu cewa bisa al'adar cutar ba zai wuce wata 6 ba, shi kuma ya yarda a daina neman warkarwa a koma neman sauƙi. Mafi yawan wannan jinya ma a gidan majinyaci ake yin ta, ma'aikatan ne ke zuwa. Jinyar rage raɗaɗi kuwa tana iya farawa tun ranar da aka gano cutar, ana yin ta ana ci gaba da magani. Wani bincike da Jennifer Temel da abokan aikinta suka wallafa a 2010, kan majinyata 151 masu kansar huhu da ta bazu, a wani babban asibitin Boston, ya nuna waɗanda aka haɗa da wannan jinya da wuri sun fi jin daɗin rayuwarsu, sun fi ƙarancin baƙin ciki mai tsanani, har ma sun fi daɗewa a raye: tsakiyar ƙiyasin wata 11.6 ne, sauran kuma wata 8.9. Ke nan caflen yana iya haɗuwa da mutum yana da ƙarfinsa, yana zuwa aiki, yana da lokacin gyara abin da yake son gyarawa.

To, mene ne wannan ciwon ruhi da ake cewa shi ne fagensa? Ba abu ne mai wuyar ganewa ba ga duk wanda ya taɓa jinyar tsoho. Dattijuwar da aka sa wa robar fitsari, ta daina salla don tana ganin ba ta da tsarki, tana kwana tana kuka ba ta gaya wa kowa dalili ba. Mutumin da ya yi shekara 20 ba ya magana da ɗan'uwansa saboda rabon gado. Wanda ake bin sa bashin da iyalinsa ba su sani ba. Matashiyar uwa da ke jin haushin Ubangiji, kuma tana tsoron haushin da take ji. Wanda ya bar coci tun yana saurayi, yanzu yana son komawa yana jin kunya. Da wanda ba ya bin kowane addini, amma yana son wani ya zauna ya ji labarin rayuwarsa ya tabbatar masa ba a banza ya yi ta ba. Duk waɗannan suna iya bayyana a jiki: rashin barci, firgita da dare, ƙin cin abinci, zafin da ba ya jin magani. Nas za ta ga alamar, amma tana da gadaje da yawa a wuyanta. Likita yana da 'yan mintoci. Iyali kuwa su ne na ƙarshe da majinyaci zai gaya wa, don ba ya son ƙara musu nauyi.

Caflen yana fara aikinsa da tambaya. Akwai tsararrun hanyoyin yin ta, kamar wadda likita Christina Puchalski ta Jami'ar George Washington ta tsara a 1996, mai neman sanin abin da mutum ya yi imani da shi, da matsayinsa a rayuwarsa, da jama'ar da yake jingina da su, da yadda yake son a kula da wannan ɓangare a jinyarsa. Daga amsoshin ake gane wanda imaninsa ke riƙe da shi, wanda bai buƙatar komai sai a kira masa limaminsa ko a juya gadonsa ya fuskanci alƙibla, da wanda imanin nasa ya zame masa abin firgici. Na biyun shi ne mai buƙatar zama mai tsawo.

A nan ne horon yake da muhimmanci. Tsarin horar da malaman addini a gefen gadon mara lafiya ya samo asali ne daga Anton Boisen, wani fasto da shi kansa ya taɓa kwanciya a asibitin masu taɓin hankali, wanda a 1925 ya fara kawo ɗaliban tauhidin Kirista asibitin Worcester da ke jihar Massachusetts. Har yau zangon horon guda ɗaya awa 400 ne, kuma mai son cikakkiyar shaidar ƙwarewa a Amurka sai ya yi zango 4 bayan digirinsa na addini. Wani abin da ake sa ɗalibi shi ne ya rubuta hirar da ya yi da majinyaci kalma bayan kalma, ya kawo gaban malaminsa da 'yan ajinsu su tsefe ta. Me ya sa da ta ambaci tsoron kabari ka yi sauri ka kawo aya? Ita ka so ka kwantar wa hankali, ko kanka? Abin da ake son cirewa daga gare shi shi ne ɗabi'ar gaggawar ba da amsa. Kuma ƙa'idar sana'ar ta haramta masa jan majinyaci zuwa addininsa ko ɗariƙarsa. Mutumin da ke kwance ba ya iya tashi ya fita daga ɗakin, don haka yi masa wa'azin da bai nema ba cin zali ne.

A ganina wannan shi ne mafi wuya ga malamin addini, kowane addini ne, domin duk karatunsa ya ginu a kan ya yi magana a saurare shi. Idan mara lafiya ya ce, "Malam, me na yi wa Allah?" amsar da ke kan harshe ita ce a ce ya yi istigfari, kada ya yi saɓo. Amsar daidai ce a littafi, amma takan rufe bakin mutumin har ya koma ga Mahaliccinsa bai faɗi abin da ke ransa ba. Ƙwararren caflen zai ce, "Gaya mini, me kake tunanin ka yi?" Sau da yawa daga nan maganar bashin ko ta ɗan'uwan take fitowa, kuma waɗannan abubuwa ne da ake iya gyarawa da kiran waya ɗaya ko rubuta wasiyya. Musulmi ba baƙo ba ne ga wannan hanya. Hadisin Jabir da Muslim ya ruwaito ya yi umarni kada ɗayanmu ya mutu face yana kyautata zato ga Allah, kuma malamai sun daɗe suna cewa a gaban mai jinyar ajali a rinjayar da fata a kan tsoro.

Sai dai akwai wani binciken da ya kamata duk mai addini ya tsaya ya dube shi da kyau, domin ya taɓa mu a inda ba mu zata ba. Tracy Balboni, likitar cutar kansa a cibiyar Dana-Farber ta Boston, ita da abokan aikinta sun bi majinyatan da kansa ta yi wa nisa har zuwa rasuwarsu. A rahotonsu na 2007, kan mutum 230, kashi 88 cikin 100 sun ce addini yana da muhimmanci a wurinsu, amma kashi 72 suka ce asibiti bai biya musu buƙatarsu ta ruhi ba sai ɗan kaɗan ko ma sam, kashi 47 kuma suka faɗi haka game da jama'ar addininsu. A 2010 suka nuna waɗanda ma'aikatan asibiti, har da caflen, suka kula da ruhinsu sun fi shiga hospis, kuma kwanakinsu na ƙarshe sun fi sauƙi. Sai a 2013 suka fitar da abin da ya girgiza mutane: a cikin majinyata 343, waɗanda suka ce jama'ar addininsu na tsaye sosai a kansu su ne suka fi ƙin hospis, suka fi karɓar jinya mai tsanani a makon ƙarshe, suka fi mutuwa a ɗakin kulawa ta musamman. Amma a cikin waɗannan ɗin ma, idan ayarin asibiti ya shigo da kulawar ruhi da tattaunawa kan ƙarshen rayuwa, sai lamarin ya juya.

Bincike ne na lura, ba gwaji ba, saboda haka bai yanke cewa wannan ne ya haddasa wancan ba. An kuma ga abin ya fi ƙarfi a tsakanin baƙaƙen fata da sauran tsiraru, waɗanda ke da dalilinsu na rashin yarda da asibiti. Ba su manta da gwajin Tuskegee ba, inda daga 1932 zuwa 1972 aka bar ɗaruruwan baƙaƙen fata da ciwon tunjere ba magani don a ga yadda cutar ke tafiya. Duk da haka ma'anar a bayyane take. Jama'ar da ke son ka suna zuwa dubiya da addu'ar samun lafiya, suna cewa Allah mai iko ne, kar ka karaya. Gaskiya suka faɗa. Amma idan wannan ce kaɗai maganar da ake yi, majinyaci sai ya ga amincewa da cewa ajali ya matso kamar raunin imani ne, iyali kuma su ga cewa a cire na'urar numfashi kamar sun yanke ƙauna daga rahamar Allah. Sai a ƙare a kan na'ura, an sa masa bututu a maƙogwaro, ba ya iya furta kalmar shahada, ba ya iya yin sallama da kowa. Limamin unguwa ko faston coci bai san abin da hoton huhun ya nuna ba. Likita kuma bai san yadda zai amsa wa wanda ya ce masa muna jiran mu'ujiza ba. Caflen shi ne tafintan da ke jin harsunan biyu. Ba ya ce wa iyali su daina fata. Yakan tambaye su, in Allah ya ƙaddara ba warkewa, me kuke fatan ya samu a kwanakin da suka rage?

Ga Musulmin da ke zaune a Turai da Amurka wannan tafinta ya zama larura, shi ya sa aka fara horar da su. Makarantar Hartford da ke Connecticut ta buɗe shirin horar da caflen Musulmi a 1999 ƙarƙashin Ingrid Mattson, cibiyar Markfield da ke kusa da Leicester a Ingila ta bi baya a 2003. Tambayoyin da suke amsawa na fiƙihu ne tsantsa, amma a gaban gado. Shin mofin maye ne? Malamai sun halatta shi don larurar ciwo, kuma caflen yana iya roƙon likita a daidaita lokacin bayarwa yadda majinyaci zai kasance a farke lokacin da 'ya'yansa za su zo. Dattijuwar nan mai robar fitsari za a gaya mata hukuncin mai yoyon fitsari, da taimama, da hadisin Imrana ɗan Husaini cewa wanda bai iya tsayuwa ba ya yi salla a zaune, in bai iya ba a kishingiɗe. Maganar minti biyar ce, amma tana iya dawo mata da barcinta. Kan cire na'ura kuwa, Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta yanke a taronta na Amman a 1986 cewa ana iya cire ta idan ƙwararrun likitoci sun tabbatar ƙwaƙwalwa ta daina aiki gaba ɗaya ba dawowa. Katolika ma suna da nasu: tun 1957 Fafaroma Pius na 12 ya gaya wa likitoci cewa ya halatta a ba mai mutuwa maganin kashe zafi ko da zai iya rage masa kwana, muddin ba kisan aka nufa ba. Iyalai da yawa ba su san addininsu ya ba su wannan sarari ba. Sannan akwai laƙƙana kalmar shahada, da shafa mai ga ɗan Katolika, da faɗi-tashin karɓo takardar shaidar mutuwa da wuri don a yi jana'iza a kan lokaci a ƙasar da binne gawa kan ɗauki mako ko fiye. Mata masu wannan aiki suna da muhimmanci na daban, domin akwai abin da mace mai kansar mama ko ta mahaifa ba za ta taɓa buɗe baki ta gaya wa limami namiji ba.

Aikin ba ya ƙarewa da fitar rai. Dokar Medicare ta ɗora wa hospis kula da iyalan mamaci har shekara guda. Su ma nas-nas da ke rufe idon mutane mako bayan mako, caflen ne suke samu su sauke abin da ke ransu.

Ba na son a ɗauka tsarin ba shi da aibi. Akwai haɗarin asibiti ya mayar da caflen makamin lallashi, a tura shi wurin iyalin da suka ƙi sa hannu don ya tausasa su a samu gado. Ranar da ya yarda da haka ya ci amanar aikinsa, domin wani lokacin iyalin ne ke da gaskiya, kuma aikinsa ne ya koma ya gaya wa likitoci haka. Akwai matsalar sirri: majinyaci ya faɗa masa abin da bai taɓa gaya wa matarsa ba, ga shi kuma ana son ya rubuta bayani a fayil ɗin da ma'aikata da yawa ke karantawa. Masu hankalinsu sukan rubuta cewa akwai damuwa ana kuma aiki a kanta, su bar sauran a cikinsu. Akwai kuma abin da ya fi damuna, wato yadda ƙoƙarin yi wa kowa hidima ke iya wanke aikin har ya zama wata magana mai daɗi marar tushe, wadda ba ta Kirista ba ce, ba ta Musulmi ba. Tun da yawan marasa addini ya ƙaru a Turai, har an fara ɗaukar marasa addini wannan aiki a Holan da Ingila, kuma hakan adalci ne ga majinyatan da suke irinsu. Amma mai addinin da ke bakin kabari yana son wanda ya yi imani da abin da yake karanta masa. Caflen nagari ya san iyakarsa: fasto zai iya zama da Musulmi ya saurare shi da zuciya ɗaya, amma idan lokacin Yasin ya yi sai ya ɗauki waya ya nemo limami.

A Afirka hospis na farko shi ne Island Hospice na Harare, 1979. Anne Merriman, likitar da ta taɓa aiki a kudu maso gabashin Najeriya, ta kafa Hospice Africa a Yuganda a 1993, kuma a 2004 Yuganda ta ba nas-nas masu horo izinin rubuta mofin. A Najeriya, ƙoƙarin Farfesa Olaitan Soyannwo da abokan aikinta ya kai ga buɗe sashen wannan jinya a asibitin koyarwa na Ibadan a 2007. Ɗaukar malamin addini aiki a hukumance ma ba sabon abu ba ne a wurinmu, tun da rundunar sojan Najeriya tana da sassan limamai da fastoci masu muƙamin soja. A ƙasar Hausa muna da abin da Turawa ke nema da kuɗi: dubiya, da mai kwana da majinyaci, da jama'ar da ke cika gida ranar rasuwa. Da wuya mutum ya mutu shi kaɗai. Abin da ya yi mana ƙaranci shi ne wanda zai tsaya tsakanin likita da iyali. Likita yakan ce a tafi da shi gida a ci gaba da addu'a, kowa ya gane nufinsa, ba wanda ya furta. Ana ɓoye wa mara lafiya sunan cutarsa, a sayar da gona ko fili a nufi Masar ko Indiya da mutumin da kansa ta riga ta gama bazuwa a jikinsa, shi kuwa bai samu damar yin wasiyya ko neman gafarar kowa ba. Masallatai da majami'u suna nan a harabar manyan asibitocinmu, amma limamin ba ya cikin zagayen likitoci, ba a kuma koya masa abin da ake nufi da mataki na huɗu na cutar kansa ba.

Da za a fara horar da irin waɗannan malamai a Kano ko Zariya ko Damagaram, maza da mata, akwai abin da za su tarar tun ranar farko wanda takwarorinsu na Landan ba sa fama da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 56.8 ne ke buƙatar jinyar rage raɗaɗi kowace shekara, kuma kusan kashi 14 cikin 100 kaɗai ke samu. Kwamitin masana na mujallar Lancet ya nuna a 2017 cewa rabin mutanen duniya mafi talauci ba sa samun ko kashi 1 cikin 100 na mofin da ake rabawa, alhali magani ne mai araha. Saunders sai da ta kashe zafin jiki sannan ta ji sauran abin da majinyatanta ke faɗa. Malamin da aka kai gaban mutumin da ke murƙususu don kansa ta kama ƙashinsa, aka ce ya ba shi haƙuri, an ɗora masa aikin da ba nasa ba. Abin da ya kamata ya fara yi shi ne ya fita ya nemo likita, in maganin ne babu a asibitin ya bi maganar har ofishin shugabanni.